Aikin Dare a Lubbock

Ƙarfe uku na dare, Araceli na kwance,
faya ta fashe mata a mako na sha tara.
Na shafa mata man sanyi a mara,
na ɗora na'ura, allo ya haska.
Ga ta nan, ba ta fi mangwaro ba,
babu ruwa kewaye da ita,
zuciyarta na bugu
kamar ta ɗan tsako a tafin hannu.

Likita ya daɗe yana kallo,
sannan ya fita kiran lauyan asibiti.
Zazzaɓi na hawa.
An ce muddin akwai bugu a dakata,
sai uwa ta leƙa kabari tukuna.
Wa zai auna mana leƙen?

Kakata a Gumel cewa take
sai wata huɗu mala'ika ke busa rai.
Dattijo Wendell, mai tsayuwa da kwali a bakin titi,
ya ce tun daren farko ne.
Ranar da motata ta mutu shi ya tura ni,
har hularsa ta faɗi.
Na kasa ƙinsa.

Na ƙirga da yatsu a jikin rigata:
ko an busa jiya, ko sai gobe.

Araceli ta kama wuyan hannuna, tafinta wuta.
Ta ce ta riga ta raɗa mata suna.
Ta ce akwai biyu a gida,
babban bai ma iya ɗaure takalmi ba.

Ta ce in rage sautin.
Na rage.
Ban kashe ba.