Jan Ruwan Kharaghoda

Baba Karsan, ka ce jinin ƙasa ne,
duk sa'ad da fangalin gishirinka ya yi ja da bazara.
Inna Jasu ta ce tsatsar injin jan ruwa ce.
Ni ban tanka ba.
Na cika kwalbar man kitso, na toshe bakinta da tsumma,
na hau motar Rajkot da ita a cinya.

Ɗigo ɗaya na ɗora a ƙarƙashin madubin ƙara girma.
Baba, ashe gari guda ne.
Wasu kamar sanda, wasu kamar kwabo,
wani mai kusurwa huɗu, fale-fale kamar kan sarki,
da 'yan kumfan iska a cikinsa
don kada ya nitse, rana ta wuce shi.

Ruwan nan da ya ci ƙafarka shekara talatin,
ya tsaga maka faso har ɗan yatsana na shiga,
wanda jakin jeji ke sunsunawa ya kau da kai,
su nan ne shimfiɗarsu, nan ne akushinsu.

Ka fi ni sanin halin gishiri:
ɓarawon ruwa ne, ba ya barin mai rai da danshi.
Su kuwa ba su gina katanga ba.
Wani gishirin suka cusa wa cikinsu
har awon ciki da na waje suka yi kunnen doki,
ɓarawo ya leƙa, ya ga gidan ɗan'uwansa ne, ya wuce.

Ran nan tausayi ya kama ni,
na zuba musu ruwan daɗi irin na tankar gwamnati,
wanda muke jira mu ga ƙurarsa daga nesa.
Kafin in ɗaga kai sun kumbura, sun fashe.
Na zauna riƙe da kofin.
Na tuna ranar da muka kai ka birni ka huta,
kwana uku ka kasa barci,
ka ce iskar nan ba ta da ɗanɗano.

Malamarmu ta ce dukiya ce.
Wasu suna tara wani farin kitse a ciki,
a tatso shi a yi leda mai ruɓewa a ƙasa.
Wasu suna cinye ƙazantar ruwan majema
inda sauran ƙwayoyin ke mutuwa tun a bakin ƙofa.
Wani yana da tabon shunayya a fata
mai kama haske ya mai da shi ƙarfi,
ba ganye, ba saiwa.
Akwai kuma mai haɗa wani sinadari
da ke kare tsoka daga bushewa;
ana sa shi a man shafawa.

Na ga ƙaramin gwangwaninsa a kanti.
Na juya shi, na karanta kuɗin,
na lissafa buhu nawa za ka ja da manjagara,
na mayar da shi inda yake a hankali.

Da na dawo na ba ka labari
ba ka daina jan manjagara ba.
Ka ce, Daksha, to za su ƙara wa buhu kuɗi?
Na ce ban sani ba.
Ka ce, suna hana gishiri kama?
Na ce a'a, jansu na shan rana, ruwan ya fi saurin ƙafewa.
Sai ka tsaya, ka dubi fangalin da kyau
kamar wanda aka nuna wa abokin aikin
da ba su taɓa gaisawa ba.

Ka sunkuya ka ɗauki ƙwayar gishiri ɗaya,
ka ɗaga ta saitin rana.
Akwai ɗigon ruwa a kulle a cikinta,
ƙarami, ko kan allura ya fi shi.
Na ce wataƙila suna ciki, suna jiran damina.
Ka sa ta a aljihu maimakon buhu.