Rahoton Wata Uku

Takardar ofishin mishan na kan tebur tun Talata,
layi uku ne kacal, Istifanus ya ce in cika:
rayuka nawa, baftisma nawa, nawa aka kashe.
Na ɗauki biro, tawada ta daskare,
na cusa shi a hammata kamar kaza kan ƙwai, ina jira.

Nan sama muke, inda iska ke mana rowa.
Shekara huɗu a bakin tafkin Titikaka,
har yau in na hau tudun coci da bokiti
sai na tsaya sau biyu, ƙirji na dakan sakwara.
Ruwa na tafasa, wake na yi masa dariya,
tun hantsi na ɗora, la'asar bai nuna ba.

Da asuba ya fita riƙe da sifana,
sanyin dare ya sake fasa famfon unguwa.
Mutumin da ya sha Girkanci shekara uku
ga shi durƙushe a laka har gwiwa,
Don Fermin na haska masa tocila,
yana gyara masa harshen Aimara:
"Ba haka ba, Fasto. Yanzu ka kira matata tunkiya."

Ran Lahadi mu sha ɗaya ne, in an ƙirga kare.
Eusebiya ta yi barci tun karatun farko,
ta farka daidai Amin, ta ce wa'azi ya ratsa ta.
Ta ƙi a tsoma ta a ruwa,
wai ta tsufa da wankan tafki.
Amma daren da Ketura ta kwana tana tari
ita ta buga ƙofa kafin zakara,
ta goya 'yata a mayafinta mai ratsi-ratsi,
ta sha gabana zuwa asibiti,
ni uwar ina baya ina haki.
A wane layi zan sa wannan?

Ketura kuwa ta zama tasu.
Tumaki take ƙirgawa, maya, paya, kimsa,
ko a mafarki ba ta yi mini Hausa.
Na dama mata kunu da ragowar gerona,
ta yatsine fuska, ta nemi busasshen dankali.
Daddawa ɗaya ta rage a gwangwani.
Ba na miya da ita.
Buɗewa nake, in shaƙa, in rufe.

Watan jiya waya ta yi ƙara ƙarfe ukun dare,
can gida rana ta riga ta fito.
Yayana ya ce, "Tabita, Baba ya huta."
Kuɗin jirgi ya fi albashin rabin shekara.
A tafin hannuna na ga jana'iza,
hoto na tsayawa, yana tafiya, yana tsayawa,
sai ga kabari an riga an rufe.

Da yamma suka shigo, ba wanda ya kira su,
suka zauna a ƙasa da hulunansu,
ba su san shi ba, ba su ce komai ba,
wata ta ajiye cuku, wani ya hura wuta.
Eusebiya ta tambayi sunansa, ta maimaita sau uku,
ta ce in Nuwamba ta zo za ta gasa masa burodi
tare da na mijinta, kada ya ji baƙunta.
Istifanus ya buɗe baki zai kawo aya,
na taka masa ƙafa.

To, biro ya ji ɗumi, ya yarda.
Baftisma: babu.
Kuɗi: bututu biyu, maganin tari, kananzir.
Rayuka: na daɗe ina kallon layin,
na rubuta uku.
Ban faɗa musu cewa mu na ƙirga ba.

Ga shi can yana kira daga ƙofa,
hannu duk laka, leɓe ya tsage,
wai ruwa ya kawo, in fito da bokitai
kafin layi ya yi tsawo.