Kwalin Asuba

Kowane dare, in na shigar da ita gida,
sai in tura kwalin sabulu ƙarƙashin cikinta
kamar mai yi wa majinyaci shimfiɗa.
Da asuba, kafin koko, shi nake fara gaidawa.
Litinin ɗigo uku.
Laraba bakwai.
Ran Juma'a sun haɗe sun zama taswira:
ga Dakoro, ga Sakabal,
ga rairayin da ya taɓa riƙe mu kwana biyu da buhunan wake.

Kat-kat ce, ta girmi ɗana na fari da shekara tara.
Kawu Hankurau ya bar mini ita
da makulli ɗaya, da bashin taya biyu,
da magana guda:
"Kada ka bari ta ji ƙishirwa."

To ga ta tana zubar da abin da na shayar da ita.
Man buwat, mai kauri kamar zuma,
mai wari kamar ƙwan da kaza ta yi wa yaji.
Ya shiga farcena, ya shiga wuyan rigata,
har tuwo in na ɗebo sai in ji shi a loma.

Na kwanta a ƙasa, tsakuwa na cin bayana,
fitilar waya a baki, kile sha huɗu a hannu.
Na sauke, na wanke da gazuwal, na canza juwan.
Jika shida.
Sati bai cika ba ta koma kuka.
Na ce jabu aka sayar mini,
na aika Jibiya a kawo wani.
Jika tara.
Tasalla ta dubi kwalin, ta dube ni,
ta ce, "Tunkiya guda ke nan ƙasa ta shanye."
Ban tanka ba. Mai gaskiya ba a yi masa musu da safe.

A Mokoyo, ƙarƙashin wata bedi,
akwai tsoho Mato da yana ta rufe wa ido.
Ya bar aiki tun shekarar da gulbi ya ci gonarsa.
Na kai masa ita don kunya ta ƙare mini.
Bai nemi fitila ba.
Ya ce in jawo shi ƙasa bisa tabarma,
ya bi ƙarfen da yatsu, a hankali,
kamar mai neman ƙaya a tafin jikansa.
Ya wuce juwan ɗin da na yi ta zagi,
ya hau sama, can inda idona bai taɓa zuwa ba,
ya tsaya.

"Ba ni tsinke."

Abin da ya faɗo a tafinsa bai kai ƙwayar gujiya ba:
laka ce busasshiya,
ɗakin zanzaro,
an gina shi daidai bakin ɗan bututun da buwat ke huci.

Ya ce, "In ta yi zafi cikinta kumbura yake.
Ka toshe mata hanci,
ta ina kake so abin ya fita?
Duk wanda aka hana numfashi, ta ido yake zuba."
Na miƙa masa jika biyu, ya ɗauki ɗaya,
ya ce ɗayar in kai wa zanzaro kuɗin tashi.

Kwana goma sha ɗaya kwalin na bushe.
Ƴata ta ɗauke shi ta zana masa rakumi da gawayi.
Ni kuwa ban daina durƙusawa ba,
gwiwa ta riga ta saba.

Yau da asuba, can baya, wajen ƙafar hagu,
na ga wani ɗigo ɗaya, sabo, yana ƙyalli bisa ƙasa.
Na dangwala, na shinshina.
Ba na buwat ba ne.

Tasalla, ina kika ajiye wancan kwalin na taliya?