Zubi Na Biyu

Ƙarfe uku na dare a Marinha Grande.
Iskar teku ta ratso daji, ta tsaya a ƙofar masana'anta,
ba wanda ya ce mata shigo.
Ni da inji na bakwai muke hira:
ya ja numfashi, in ƙirga,
daƙiƙa talatin da takwas ya buɗe baki,
ya miƙo mariƙin cokali guda huɗu.

Zubin farko ƙashi ne,
fari fat, mai tauri, ba ya rusuna wa kowa.
Zubi na biyu tsoka ce, shuɗiya,
tana shigowa a narke, ta kwanta kan ƙashin, ta lulluɓe shi.
Sharaɗinta ɗaya: ta tarar da shi da ɗumi.
In ya riga ya huce za ta kwanta dai,
ido ya ga kamar sun zama ɗaya,
sai ranar da farce ya taɓa gefe
ta saluɓe kamar ɓawon ayaba.

Custódia ce ta koya mini, shekara tara ke nan.
Ta buge mini hannu tun ranar farko:
"Sa safa, Graciete.
Maiƙon yatsa ɗaya ya isa ya raba su."
Ta ce a gasa ƙwayar robar awa huɗu kafin a zuba,
don raɓar da ba a gani
ita ke dawowa kumfa.

Amma mazubin kansa, wannan ƙarfen mai nauyin ɗan maraƙi,
babana ya sassaƙa shi.
Amílcar Rosendo, shekara arba'in da biyu a bakin ƙarfe.
Shi ya bar 'yan ramukan nan uku a jikin ƙashin,
da siririyar tsaga a wuya.
Yakan ce zafi kaɗai ba abin dogaro ba ne,
a bar wa mai laushi ƙofar da zai shiga
ya fita ta baya, ya ƙulle kansa.
Ya san wannan a ƙarfe.
A gida kuwa mun yi ta zagaya shi, ni da mahaifiyata,
ba mu ga rami ko ɗaya ba.

Yanzu hannunsa na rawa.
Miyar kabeji tana barin cokali tun a hanya,
rabi a riga, rabi a tebur,
in na kawo hannu ya kau da kai.

Jiya inji ya fitar da wani mai zane a gefe,
shuɗin ya ɗan yi hazo.
Kwandon shara ne makomarsa. Na tambayi Custódia,
ta dubi silin, ta ce ba ta ga komai ba.

Na ajiye masa kusa da kwano, ban ce uffan ba.
Ya ɗauka. Ya juya shi a hasken taga.
Ya sa farcen babban yatsa a gefe, ya danna,
ya sake dannawa har farcen ya yi fari.
Shuɗin bai ɗaga ba.

"Kun cika gaggawar buɗewa," in ji shi.
"Ku ƙara daƙiƙa biyu."

Sannan ya tsoma shi a miya.
Hannun bai daina rawa ba,
amma yatsun sun nutse cikin laushin, sun sami wurin zama.
Na juya ina wanke tukunyar da na riga na wanke,
ina jin ƙarar cokali
har ta kai gindin kwano.