Toka a Taga, Zafi a Ɗaki

A Kagoshima watan Agusta ba ya sallama,
shigowa yake kamar jiƙaƙƙen bargo
ya kwanta a kan kowa.
Riga ta manne da baya tun kafin hantsi,
takarda ta lanƙwashe ita kaɗai a kan tebur,
gishiri ya dunƙule a kwalba, ya ƙi fita.

Ƙarƙashin teburina akwai tsohuwar kwamfuta,
baƙa, mai nauyin buhun shinkafa,
shekara goma sha huɗu muna tare.
Ita kaɗai ke jin yaren injin da ke yanka mini haruffa;
sababbin an kawo su, sun yi zuru.
Ga bikin tuna magabata ya ƙarato,
sunaye ɗari biyu da 'yan kai suna jira
in liƙa su a jikin fitilun takarda,
ita kuwa da azahar ta yi sai ta fara nishi,
fankarta ta ɗau kuka kamar jirgi zai tashi,
can sai ɗif,
allo ya yi baƙi, aikin safiya ya bi ruwa.

In buɗe taga,
Sakurajima ya yi tari daga tsallaken ruwa,
toka ta shigo siririya, ta nemi huhunta.
In rufe, ɗaki ya zama tukunyar dambu.
Gaba kura, baya sayaki.

Na yi wauta, ba zan ɓoye ba.
Na cire mata murfi, na girke kwanon ƙanƙara a gabanta,
na ce sha iska, tsohuwa.
Kafin la'asar raɓa ta tsattsafo a jikin ƙarfe,
ɗigo ɗaya yana lilo a kan waya
ni kuma numfashina yana lilo tare da shi.

Sueharu mai gyaran rediyo ya leƙo,
ya dubi kwanon, ya dube ni,
bai yi dariya ba, wannan ne ya fi ciwo.
Ya ce, ba ƙishirwa take ji ba, hanya take nema.
Ya kwance ta a kan jarida,
ya share fukafukan fanka da burushin rubutu,
toka ta shekara uku ta fito curi-curi kamar gashin ɓera.
Ya kankare busasshen man da ke kan ƙwaƙwalwarta,
ya ɗiga sabo, daidai ƙwayar shinkafa.
Muka ɗora ta a kan bulo biyu,
muka ja ta nesa da bango taki ɗaya,
muka ɗaura mata ƙyallen gidan sauro a hanci.
Ladansa yankan kankana biyu.

'Yata Chizuru ta bugo waya daga Osaka:
Baba, ka bar ta ta huta mana.
Na ce to.
Irin to ɗin da ake faɗa a ajiye waya.

Yanzu ƙarfe ukun dare nake tashi,
lokacin da gyare ya gaji, kwalta ta huce.
Fankar gidan guda ce, na juya mata ita,
ni ina fifita da kwalin rasit.
Bayan kowane suna ashirin
nakan ɗora mata tafi a ka
kamar mai duba zazzaɓin yaro.
Da ɗumi, amma ba na tsoro ba.

Suna na ƙarshe babu wanda ya biya kuɗinsa:
Tokuichi, maigidana,
wanda ya ci bashi ya sayo ta
ya rasu bai gama biya ba.
Injin ya yanka shi tsaf, bai tsallake ko ɗigo ba.

Gari ya fara wayewa.
Na kashe ta da hannuna, tun zafi bai kashe ta ba,
na ɗauki tsintsiya
na fita share tokar da ta kwana a ƙofa.