Ɗaki a Kan Ruwa

Barira ta aiko hotuna daga Marsai,
ta ce, "Baba, kai da Inna ku zaɓa,
kwana bakwai ne, ni zan biya."
Na sa tabarau, na zauna bakin zaure a Bagalam,
ina kallon gari guda, hawa goma sha shida,
an ɗora shi bisa ruwa.

Shekara arba'in da ɗaya ina gini.
Na san bulon da aka yi wa rowar siminti tun daga nesa.
Tambayata ta farko: ina tushensa?
Jikana Sahabi ya yi dariya har ya ƙware da kunu.
To, gidan da ba a haƙa masa ba,
da me zai tsaya in an yi tsawa?

Ɗaki iri huɗu ne, in ji yaron.
Na farko can ciki, ba taga,
dare da rana sai kuran ya raba su.
Na ce wannan ai rumbu ne,
ni kuwa ba gero ba, ba dawa.

Na biyu, taga faɗin faifai, ba ta buɗuwa.
Na uku da baranda, kujera biyu, ɗan tebur.
Na huɗu, nan yaron ya gyara zama:
falo daban, makwanci daban,
bahon wanka kamar kwamin shanu,
da wani mai farar safar hannu
da aikinsa kawai ya jira kiranka.
Ni da na tashi da kwanon kwaɓi a ka,
wani ƙato ya cire mini takalmi a gaban kowa?

Ya juya kuɗin zuwa sefa.
Jikkunan da ya kira
sun rufe ɗaki uku da kwano, har da ƙyaure.
Na ce a rubuta na cikin. Barci dai barci ne.
Kakanmu ya bar kwari ya hau tudu
shekarar da Gulbi ya ci tsohon gari,
ban ga dalilin sayen kujera ba
don in kalli abin da ya kore shi yana rawa.

Cima tana ɓarar gyaɗa, ba ta tanka ba.
Sai ta goge hannu a zane, ta karɓi wayar,
ta koma na uku. Ta daɗe.
Ta ce, "Nan in mutum ya zauna, ba katanga gabansa?"
Sahabi ya ce, "Babu, sai sama."
Ta ce, "Uhm." Ta ci gaba da ɓarewa.

Daren nan ban runtsa ba.
Na gina wa Alhazan unguwar Zariya benaye,
baranda har tana zagaye gida,
ba mai zama cikinta sai kurciya da faifan talabijin.
Tagar ɗakin Cima kuwa da hannuna na fasa ta,
taku biyu tsakaninta da bangon Malam Nomau.
Shekara talatin da takwas tana buɗe ta kowace asuba
tana gaida bulo.
Ni ban lura ba, ita kuma ba mai faɗawa.

Da safe na kira Barira.
Na ce na uku, tsakiyar jirgi,
inda aka ce girgizar ba ta da yawa.
Cikon kuɗin kar ya dame ki:
katakan aikina da tsani biyu suna nan,
gwiwa ta riga ta sallame su,
Ɗan Jimma zai saya ran kasuwa.

Ta ce, "Baba, ba kai ne mai tsoron teku ba?"
Na ce har gobe.
Zan ja kujerata baya, jikin ƙofa, da carbina.
Ki dai tambayo mini yadda ake gane gabas
a gidan da ke juyawa.
Uwarki ta zauna gaba,
ta kalli abin da ba shi da bango
har idonta ya ƙoshi da ruwa.