Jaka Arba'in

A bakin kotun Garwa nake zama,
gindin maina, tebur ɗaya, kujera biyu,
ina buga wa mutane ƙararsu da roƙonsu.
Ran da tsohuwar kwamfutata ta ce ga garinku nan,
na ƙulle kuɗin adashi a bakin zane
na nufi shagon Talla, bayan babbar kasuwa.

Mun yi ciniki, na biya, har na miƙe,
sai ya ce, "Madam Dudu, zauna tukuna.
Garantin kamfani shekara ɗaya ne kacal.
Ƙaro jaka arba'in in ƙara miki biyu.
Ko tari ta yi, mu ne. Ko atishawa, mu ne."

Jaka arba'in!
Buhun shinkafa ke nan har da canji,
ko kuɗin hayar ɗaki na wata biyu.
Amma na tuna Haman mai hoto,
tasa ta makance wata guda bayan wa'adi,
ya zauna bakin titi ya rafka tagumi
kamar wanda kwale-kwalensa ya nutse a Binuwai.
Na kwance ƙullin. Na ƙirga. Na miƙa.
A daren na yi barci har da minshari,
ashe barcin na saya, da tsada.

Wata na goma sha biyar, tsakiyar bazara,
lokacin da kwalta ke kama takalmi,
aka ɗauke wuta tun hantsi.
Da ta dawo, sai ta dawo da fushi
kamar bijimin da ya tsinke igiya.
Na ji ƙauri. Na ce wa Jidda ta duba tukunya.
Ba tukunya ba ce.

Talla ya sa tabarau, ya juya takarda.
Ashe tana da baya.
Faransanci ƙanana, jere kamar kiyashi:
ban da wuta, ban da ruwa,
ban da faɗuwa, ban da sata,
batir kuwa kada ma a yi maganarsa.
Na ce, "To me ya rage?"
Ya ce, "Ciwon da ta yi don kanta."
Na ce, "A garin nan wa ke ciwo don kansa?
In ba zafi ba, wuta ce; in ba wuta ba,
yaro ne da kofin shayi."
Ya ce in na matsa a aika Duwala,
mako shida, wataƙila takwas,
su duba su tabbatar mini da a'a.

Mako shida masu ƙara su jira ni?
Na kai ta wurin Bobbo, ƙarƙashin bene,
yaron da ko gemu bai tara ba.
Ya ɓalle hatimin da aka ce kar a taɓa,
ya cire wani abu kamar ƙwayar wake,
jaka shida, kafin la'asar ta buɗe ido.
Garantin kuwa nan take ya cika,
ba wanka, ba sallah.

Sai dai fa kar in ci haƙƙin kowa.
Astajam ta kantin magani ta biya irin nawa,
tata ta mutu haka kawai, ranar Talata,
babu tsawa, babu shayi,
suka ba ta sabuwa fil a kwali.
Har yau in muka haɗu a gidan suna
ita tana cewa riba, ni ina cewa asara,
kowa da gawar da ya gani.

Yanzu akwai gwangwanin madara a aljihun tebur.
Duk wasiƙar da na buga, dala ashirin a ciki.
Ba ya jin Faransanci, bai san hanyar Duwala ba,
kuma in ba a yi ciwo ba, nawa ne.
Sau biyu dai na taɓa shi don kuɗin kifi.

Jiya wani ɗalibi ya tsaya da sabon kwali,
ya ce, "Inna, in ƙara kuɗin garanti?"
Na ɗauko tawa takardar, mai kauri ce,
da ita nake fifita in rana ta take.
Na ce, "Gaban nan duk alkawari ne.
Juya bayan. Ka karanta a hankali,
ni zan riƙe maka kwalin."